Takarar Gurbi a Sahun Baya: Nasiha ga Matasan 'Yan Ƙwallo

Kowace ƙungiyar ƙwallo tana da 'yan wasa fiye da gurabenta. Mutum goma sha ɗaya ne ke shiga fili, amma ko ƙungiyar unguwa ce a Aujara ko Jahun, da wuya a rasa mutum ashirin a wurin tirenin na bayan La'asar. Daga nan takara ke tashi, mutum biyu ko uku, galibi abokan juna tun ƙuruciya, kowa yana neman riga ɗaya. Takarar ta fi tsanani a sahun baya. Tun 2020 aka ba koci damar canjin mutum biyar a manyan wasanni, to amma yawancin canjin a gaba da tsakiya yake ƙarewa. Ɗan gaba da aka ajiye a benci yana sa ran minti ashirin na ƙarshe. Ɗan baya kuwa, in ba rauni ko jan kati ne ya faɗa wa wanda ke gabansa ba, yana iya kai ƙarshen gasa bai taka fili ba, domin koci ba ya son taɓa bayan da ya riga ya zauna.

Babu wasan da ya fito da irin wannan takara fili kamar ƙwallon Amurka, 'yar uwar zari-ruga, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ko a jefa ta da hannu. Cikin goma sha ɗayan da ke kai hari, biyar ba ruwansu da cin maki. Suna jeruwa kafaɗa da kafaɗa a gaban mai jifa su zama katanga: ɗaya a tsakiya wanda ke miƙo ƙwallo, biyu a damansa da hagunsa, sai biyu a bakin katangar, waɗanda ake kira takul. Ƙarti ne na gaske, da yawansu tsayinsu ya doshi mita biyu, nauyinsu kilo 140 ko kusa da haka. Doka ta hana a jefa musu ƙwallo sai da sanarwa ta musamman ga alƙalin wasa, don haka mutum yana iya yin shekara goma a fili bai taɓa cin maki ba. Duk da haka na bakin hagu yana cikin waɗanda aka fi biya kuɗi a ƙungiya. Mai jifa da hannun dama yakan juya wa hagu baya, ba ya ganin abin da ke tahowa ta can, lafiyarsa gaba ɗaya tana hannun wannan mutum guda.

A babbar gasarsu ta NFL, mai ƙungiyoyi 32, akwai tsari sananne na raba gardama. A ƙarshen watan Yuli kowace ƙungiya takan shiga sansani da 'yan wasa har 90, kafin ƙarshen Agusta kuma dole ta rage su zuwa 53. Idan mutum biyu suna takarar bakin katanga, sai a raba musu lokaci, yau wannan ya tsaya da 'yan zubin farko, gobe wancan. Ana ɗaukar kowane tirenin a bidiyo, da dare kocin katanga ya zauna ya bi motsi ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowa maki. Abin da yake dubawa ba ya burge ɗan kallo: ko mutum ya san wanda ya kamata ya tare, ko ya motsa kafin a miƙa ƙwallo ya jawo wa ƙungiya hukuncin komawa baya yadi biyar, ko ya riƙe rigar abokin karawa ya jawo yadi goma, ko ya fahimci na kusa da shi ba tare da an yi magana ba. A wasa ɗaya ana kai hari sau sittin zuwa saba'in, kuma 'yan katanga biyar ɗin nan ba a canza su sai da dalili. Wanda ya kayar da abokin karawarsa sau biyar amma ya bar shi ya wuce sau uku, ya faɗi. Wanda bai kayar da kowa ba, bai kuma bar kowa ya wuce ba, shi ake ba riga.

Aikin nasu bai wuce daƙiƙa uku ba a kowane hari. Ana miƙa ƙwallo, takul zai jefa ƙafarsa ta waje baya, ya ja ɗayar ta biyo ta, gwiwa a lanƙwashe, ƙirji a miƙe, hannuwa a shirye a gaban ciki. Mai kawo farmaki ya fi shi sauri, kuma ya san inda za shi, shi kuwa takul ja da baya yake yi yana karanta ƙugun mutum. Idan ya ƙosa ya kai hannu da wuri, nauyinsa ya rinjaya gaba, sai a goce masa ya dafa ƙasa. Duk wanda ya taɓa buga lamba biyu ko lamba uku a filin firamare ya san wannan hali. Ɗan gefe mai gudu ya taho da ƙwallo, ƙura ta tashi, 'yan kallo suna ihu, "Share shi! Share shi!" Mai gaggawa zai zube ƙasa da ƙafa biyu. In ya dace a yi masa tafi, in bai dace ba ya bar hanya a buɗe har gaban gola. Mai natsuwa zai karkace jiki, ya riƙa ja da baya a hankali, ya kora ɗan gefen zuwa layi har lamba huɗu ya dawo ya taya shi. Ba wanda zai tafa masa, amma kocin da ya san aikinsa ya gani. Aikin ɗan baya kamar rufin ɗaki ne a damina, ba mai tunawa da shi sai daren da ya yi yoyo.

Labarin Chukwuma Okorafor, haifaffen Najeriya da iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana yaro, ya ƙunshi kusan duk abin da ke faruwa a irin wannan takara. Ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta ɗauke shi a 2018. A sansanin 2020 ya yi takarar bakin dama da Zach Banner, koci Mike Tomlin ya zaɓi Banner. A wasan farko na kakar, ranar 14 ga Satumba, jijiyar gwiwar Banner ta tsinke, aka ce Okorafor ya shiga. Shi ya fara sauran wasanni 15 na shekarar, ya riƙe gurbin a shekara mai bi, a watan Maris na 2022 kuma ya sa hannu a kwantiragin shekara uku ta dala miliyan 29 da ɗoriya. A watan nan ne ƙungiyar ta sallami Banner. Tsakanin ranar da aka ce ya faɗi takara da ranar da aka neme shi, ko wasa ɗaya cikakke ba a gama ba. Da ya yi fushi ya saki jiki a waɗannan kwanaki, da damar ta same shi ba shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. A 2023 ƙungiyar ta ɗauki wani matashi, Broderick Jones, domin bakin hagu. Jones ya faɗi takararsa a sansani, Dan Moore ya riƙe hagun. A watan Nuwamba sai ga Jones a bakin dama, Okorafor a benci, kuma shi Okorafor da bakinsa ya shaida wa 'yan jarida cewa wata magana da ya faɗa ana cikin wasan da ya gabata ce ta jawo masa. Bai sake karɓar gurbin ba, aka sallame shi a farkon 2024. Ya koma New England Patriots, suka sa shi a bakin hagu a wasan farko, bayan hari 12 kacal suka fitar da shi, bai sake buga musu ba. Mutum ɗaya ya rasa gurbi, ya samu ta hanyar raunin wani, ya rasa ta hanyar harshensa. Matashin da aka ba riga yau ya kamata ya riƙe wannan rabin labarin kamar yadda na benci ya riƙe rabin farko.

A ƙwallon da aka sani a gida ma haka abin yake. A gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, Joseph Yobo ne kyaftin ɗin Super Eagles, kuma shi ya fi kowa daɗewa a sahun baya. Ya buga wasan farko da Burkina Faso, rauni ya hana shi na biyu, koci Stephen Keshi ya haɗa Kenneth Omeruo, ɗan shekara 19, da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars ta Akure. Yaran biyu suka fahimci juna, Keshi ya ƙi raba su ko bayan Yobo ya samu sauƙi. Ƙwallo huɗu kaɗai aka ci Najeriya a wasanni shida, Yobo kuwa sai a mintunan ƙarshe ya shiga wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, sannan ya ɗaga kofi. Abin ya yi masa zafi, domin bayan gasar an ji saɓaninsa da Keshi a jaridu. Amma a gasar cin kofin duniya ta 2014 Oboabona ya ji rauni a wasan farko da Iran, Yobo ya tashi daga benci ya riƙe gurbin har Faransa ta fitar da Najeriya, ya kuma cika wasa 100 a tawagar ƙasa. Keshi bai ce Omeruo ya fi Yobo ba. Abin da ya auna shi ne yadda mutum biyu suke tafiya tare, kuma wannan ma'auni ne da matasa da yawa ba sa lura da shi idan suna lissafin wa ya fi wa.

Wani lokaci ma ba laifin kowa ba ne. A Rasha a 2018, Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato kuma tsohon ɗan wasan Kano Pillars, shi ya fara a lamba biyu a wasan da Kuroshiya ta ci Najeriya biyu da nema, Ahmed Musa yana benci sai daga baya ya shigo. A wasa na biyu da Aisland, ranar 22 ga Yuni, koci Gernot Rohr ya sauya tsari zuwa 'yan baya uku da 'yan gaba biyu. Lamba biyu ta ɓace daga tsarin, Shehu ya koma benci, Musa ya samu gurbi ya ci ƙwallo biyu. Shehu bai lalace cikin kwana shida ba, tsarin ne ya daina buƙatar gurbinsa. Wanda ya fahimci haka ba zai ɗauki kowane zaman benci a matsayin cin mutunci ba.

A Aujara da garuruwan da ke kewaye da ita babu kocin katanga mai bin bidiyo da dare. Koci maƙwabci ne, wataƙila malamin makaranta ko tsohon ɗan wasa mai shago a bakin kasuwa, kuma ya san iyayen kowa. Wanda ya saya wa ƙungiya jesi ko ƙwallo yakan so a sa ƙanensa. Akwai shafaffu da mai, wannan gaskiya ce, kuma ƙaryata ta ba zai amfani kowa ba. Amma zargin son kai ya fi son kan kansa yawa. Da zarar an kira sunayen zubin farko, sai a ji wanda aka bari yana cewa wane ɗan lelen koci ne, ko an yi masa asiri ƙafarsa ta yi nauyi. Wannan magana tana sanyaya zuciya na dare ɗaya, amma tana rufe ƙofar gyara, domin wanda ya yarda asiri ne ya zaunar da shi ba zai taɓa tambayar kansa me ya sa ɗan gefe yake wuce shi ta hagu kullum ba.

Abin da ya fi amfani shi ne tambaya, kuma tana da lokacinta. Ba a yin ta a bakin fili ranar wasa, jama'a suna ji, rai a ɓace. Matashi ya bari sai bayan tirenin, ya taya koci tattara ƙwallaye, sannan ya ce, "Koci, me ya rage mini in gyara?" Amsar kan zama ƙarama kuma takamaimiya: ba ka magana da gola, kana makara wajen fitowa idan an kafa tarkon satar gida, ƙafarka ta hagu ta taka ƙasa ce kawai. Irin wannan ana gyara ta cikin wata biyu a jikin bangon makaranta. Wayar hannu ma ta rage uzuri, domin aboki yana iya tsayawa a kan wani tudu ya ɗauki rabin wasa, mutum ya ga da idonsa inda yake tsayawa lokacin da ƙwallo take can wani gefen. Yawancin kuskuren ɗan baya a wannan lokacin yake faruwa, ba lokacin da ƙwallo take ƙafarsa ba.

Zuwa tirenin kullum shi ma ma'auni ne, kuma a ƙasar noma yana da wuya. Da damina, ga noman gero da dawa da riɗi, saurayi yakan dawo daga gona jiki a mace. Ba a ce a bar gona domin ƙwallo ba, wannan wauta ce. Abin da ake so shi ne wanda ba zai samu zuwa ba ya aika wa koci tun da wuri. Koci yana yafe rashin zuwa, abin da ba ya mantawa shi ne shiru, domin mutumin da ba a san ranar zuwansa ba, ba a gina baya a kansa.

Sai batun gurbi na biyu. A ƙwallon Amurka, takul na uku a ƙungiya dole ya iya dama da hagu, in ba haka ba da wuya a ajiye shi cikin 53. Shehu Abdullahi ma a tsakiya aka san shi kafin ya zama lamba biyu ta ƙasa, har ya ci tagulla da tawagar Olamfik a Rio a 2016. Wanda ya iya wuri biyu ƙofa biyu yake jira. Amma abin da ya sami Okorafor a bakin hagu ya nuna cewa sauya gefe ba magana ce ta baki ba: ƙafar da ta saba ja da baya ita ce za ta koma gaba, kuma jiki ba ya karɓar haka ranar wasa. Ana koyonsa tun ana benci, lokacin da ba wanda ke kallo.

Akwai hanyoyin da suke kama da gajeru amma ba sa kaiwa. Mafi muni ita ce taka abokin takara da gangan a tirenin. Duk wanda ke fili ya san bambancin tsautsayi da mugunta, kuma a garin da ba a da kuɗin aikin gwiwa, wannan taku ɗaya yana iya raba saurayi da ƙwallo da gona gaba ɗaya. Wanda ya yi haka ko ya samu riga ya rasa amanar sahunsa, ɗan baya kuwa ba ya wasa shi kaɗai. Ta biyu ita ce ƙwaya. Wasu suna shan tiramol don kada su ji gajiya ko ciwo, alhali ciwon shi ne ke gaya wa mutum ya tsaya kafin ƙaramin rauni ya zama babba, kuma tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Ta uku ita ce rage shekaru. A 2016 gwajin ƙashi ya zubar da 'yan wasa 26 daga sansanin 'yan ƙasa da shekara 17 na Najeriya, Nijar kuma ta fitar da ragowar a wasan share fage. Zagon ƙasa da kai gulmar abokin takara wurin koci bai kai waɗannan haɗari ba, sai dai shi ma yakan dawo kan mai shi, domin koci yana lura da mai kawo masa magana.

Abokin takara ba maƙiyi ba ne, ko da zuciya ta raya haka. A sansanin Amurkawa tsohon takul ne yake nuna wa sabo yadda ake ajiye ƙafa, yana sane da cewa yaron gurbinsa ya zo nema. Ba don tsabar kirki kaɗai yake yi ba. Idan rauni ya kwantar da shi mako uku, wannan yaron ne zai tsare ƙungiyar har ya dawo ya tarar da sauran abin nema a gasar. A gasar kofin Afirka da aka buga a Kodebuwa a farkon 2024, Stanley Nwabali ya karɓe raga daga hannun Francis Uzoho, ya kaɗe fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu. Uzoho bai bar sansani ba, da shi Nwabali ya riƙa tirenin har aka kai wasan ƙarshe.

Ya kamata kuma matashi ya san girman abin da yake takara a kai. Ko wanda ya ci gurbi a Aujara, a gabansa akwai na Jahun da Dutse, akwai Jigawa Golden Stars, wadda ita kanta ta faɗo daga Firimiyar Najeriya a 2021, sannan a yi maganar Kano Pillars da abin da ya fi ta. A kowane mataki takarar sabuwa ce, masu wucewa kuma kaɗan ne ƙwarai. Su ƙartin Amurka kusan dukansu ta jami'a suka bi, Okorafor ma a Jami'ar Western Michigan aka gan shi. Riga mai lamba biyar ba ta isa dalilin barin makaranta ko sana'a ba, ballantana sayar da gonar gado a ba wani dillali da ya yi alkawarin gwaji a Turai.

Idan matashi ya yi tambaya, ya gyara abin da aka nuna masa, kaka ta zagayo, ya kuma tabbata ba iyawa ake dubawa ba, to yana da damar neman wata ƙungiya, kuma babu abin kunya a ciki. Sai dai ya tafi da sallama. Ya sami koci a gida ya yi godiya, ya mayar da jesi a wanke, ya biya abin da ake binsa na kuɗin mota ko na rajista, kada kuma ya ja abokansa su bi shi ana tsakiyar gasa. Kociyoyin Aujara da Jahun da Kiyawa da Dutse sun san juna, a filaye ɗaya suke haɗuwa, kuma kafin a ba baƙo riga a sabon wuri sai an buga waya an tambayi halinsa.